Fim Ɗin da Yaya Ya Ɗauko Mana Daga Kano

Wata bakwai Yaya ya yi bai ce uffan ba. Ba maganar ce ta ɗauke gaba ɗaya ba. Likita ya duba ya ce harshen ne ya yi nauyi bayan ciwon da ya shanye masa ɓarin jiki na dama, kuma in ana motsa shi zai saki a hankali. "Ku riƙa jan sa da hira," in ji shi, ya rubuta magani ya kira na gaba. Ni da na san Yaya na san harshen bai ƙi ba, mai harshen ne ya ƙi. A makon da aka sallamo shi daga asibiti, 'yan dubiya sun cika ɗaki, ya buɗe baki zai amsa gaisuwa, kalmar ta fito a karkace, yawu ya biyo bayanta. Ɗaya daga cikin jikokinsa ya fita tsakar gida ya kwaikwaye shi, sauran suka kwashe da dariya. Ya ji su sarai. Daga ranar ya kulle bakinsa, sai gyaɗa kai da nuni da hannun hagu.

Ni ce autar gidanmu, shi ne babba, kuma mu biyu muka rage. Na kusa shekara sittin, na yi ritaya daga buga takardu a sakatariya da gwiwoyi biyu da suka gama gajiya da ni. Duk da haka kullum bayan azahar sai na tari adaidaita sahu daga unguwarmu zuwa cikin gari, gindin duwatsu, inda gidan gadonmu yake. In zauna a gabansa in yi ta zuba. Na ba shi labarin tsadar gero, na ba shi labarin wanda ya mutu da wanda ya yi aure, har ƙarya na yi masa a kan iyakar gonarsa don ya fusata ya ƙaryata ni. Sai ya dube ni, ya mayar da ido kan bango. In la'asar ta yi in tattara jakata in fito, raina a ɓace, in sauke haushin a kan mai adaidaita. Matarsa, baiwar Allah, ta daɗe da haƙura. Ita ce ke cewa, "Ki bar shi mana, tunda yana ci yana sha." Ni kuwa ba ci da sha na sani da Yaya ba.

Wanda bai san shi a da ba ba zai gane abin da ya dame ni ba. Yaya mutum ne da in ya shiga wuri sai wurin ya koma nasa. Lokacin da nake yarinya, Dutse ba ta zama babban birnin jiha ba, gari ne na duwatsu da itatuwan dabino da jakuna, in mutum ya hau motar Kano da safe sai an yi zancensa har yamma. Baba yana da dabino, Yaya ne ke kai shi Kano a buhu, shi da wani amininsa ɗan Kiyawa. Su kwana biyu ko uku su dawo. A can suka koyi shiga sinima, abin da in Baba ya ji sai ya tsine wa tafiyar. Mu mata kuwa ko hanyar sinima ba mu sani ba, kuma ba mu sa ran sani ba. Sinimarmu ita ce bakin Yaya.

Yadda ake yi shi ne, in an baza dabino a tabarmi a tsakar gida ana zaɓe, mai kyau gefe guda, wanda tsuntsu ya taɓa gefe guda, Baba kuma ya tafi gona, sai Inna ta ce, "To, me ka gano mana a Kano?" Ba a cewa fim, kada kalmar ta tsallake katanga. Matan maƙwabta su shigo da faifansu wai sun zo taya aiki. Yaya ya zauna a kan turmin da aka kife, ya tura hula ƙeya, ya fara. Ya yi mana na Indiya har da waƙar, cikin wani yare da shi kaɗai ya san ma'anarsa. Ya yi mana na 'yan Sin masu faɗa, ya tashi ya harba ƙafa har kaji su watse. Amma akwai guda ɗaya, na Turawa, wanda ba a gajiya da roƙonsa, kuma duk wadda ta roƙa ita ce ke fara toshe kunne.

Ga yadda yake. Wani mutum ya zo wani gari da matarsa da 'yarsa, ya sayi wani tsohon gida da aka daɗe da rufewa. Da ya buɗe babban ɗakin, sai ga matattun gidan duka a zaune, kowanne a cikin likkafaninsa, wasu dogaye, wasu gajeru, don mutanen garin ba su binne su ba. Mutumin nan, da yake maƙetaci ne, ya ga yadi fari mai kyau, sai ya kama na babban cikinsu ya fizge, ya kai wa tela aka ɗinka wa 'yarsa riga. Daga nan ne mamacin ya fara zuwa. Ba ya ihu, ba ya fasa ƙofa. Jan ƙafa kawai za ka ji, shaaa, shaaa, sai ya tsaya a bakin ƙofa ya yi sallama sau uku kamar mutumin kirki. In ba a amsa ba ya ce, "Na zo karɓar mayafina, sanyi nake ji." Yaya yakan faɗi wannan da wata 'yar siririyar murya mai ladabi, kuma ladabin ne ke kashe mu. A ƙarshe mutumin ya warware rigar ya mayar, mamacin ya auna da hannunsa, taƙi ɗaya, taƙi biyu, har ya kai ƙarshe, ya ɗago ya ce saura taƙi ɗaya, wanda tela ya yanke ya yar. Sai ya juya ya dubi yarinyar. A nan Yaya yake tsayawa, ya ɗauki dabino ɗaya ya jefa a baki. Duk magiyar da za a yi ba ya ƙara ko kalma.

Na sani, kuma tun ina ƙarama na sani, matacce ba ya dawowa. An koya mana a makarantar allo, Baba ya faɗa, hankali ma ya faɗa. Amma tsikar jiki ba ta zuwa makaranta. Inna har ta bar duniya ba ta yarda farin zane ya kai la'asar a kan igiyar shanya ba. Ni ban taɓa shimfiɗa farin zanen gado ba, har mijina, Allah ya jiƙansa, ya gaji da tambaya. Ranar da Inna ta rasu, ana yanka likkafaninta a ɗaki, na tsaya a kan matan da ke yankan sai da aka sake aunawa, ragowar ƙyallen kuma na ce a sa mata duka, kada a bar ko zare. Wata gwaggonmu ta ce baƙin ciki ne ya taɓa ni. Ban faɗa mata daga ina abin ya fito ba, don ni kaina kunya ta kama ni. Labarin ya bi gidan har 'ya'yan Yaya, su ma suka ba nasu 'ya'yan, a gutsure.

'Yata ce ta jawo maganar. Tana karatu a jami'a nan Dutse, wata rana na dawo daga wurin Yaya ina ta mita, na ce mutumin da ya hana unguwa guda barci da bakinsa yau ga shi ko ruwa ba ya iya roƙa. Ta ce, "Umma, ai yanzu babu fim ɗin da ba a samu, in dai an san sunansa. A nemo wa Kawu mana, ƙila in ya gani ya tuna da ƙuruciya ya yi magana." Na ce ta rufe min baki. Na kwana ina juya maganar, gari na wayewa na ga babu wata dabarar da ta rage min. Na riga na hango shi yana nuna allon da hannun hagu, yana cewa ga wurin nan, ku saurara. Ko kalma uku ya yi, na ci riba.

Sunan fim ɗin ne matsala. Yaya bai yi boko ba, bai taɓa kiran sa da komai ba sai "na mai likkafani". Sai na tuna da amininsa na Kiyawa, wanda ya yi makaranta har ya yi aikin malamin gona. Na shiga mota na same shi a 'yar rumfarsa ta sayar da iri da taki, ya tsufa, amma kansa garau. Muka gaisa, ya tambayi jikin abokinsa, ya share ido da bakin rawani. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya ɗago ya dube ni.

"Shi ya aiko ki, ƙanwata?"

"Alhaji, mutumin da ba ya magana ina zai aike ni?"

"To, ni da kin bar shi."

"A kan me?"

Ya ɗan yi murmushi ya kawar da kai. "Tsohon abu ne. Yaran yanzu dariya za su yi."

Na ce su yi ta yi, ba don su na zo ba. Raina ya fara ɓaci, ga rana, ga gwiwa, ga tsoho yana min ja-in-ja a kan sunan fim. Da ya ga ba zan tafi ba, ya yage gefen wata takarda ya rubuta kalmomi uku na Turanci. Bai ko yi dogon tunani ba, abin da ya ba ni mamaki. Da zan tafi ya ce, "Ki gaishe shi. Ki ce masa ni dai ban faɗa wa kowa komai ba." Na ɗauka rikicin tsufa ne, ban ma isar da saƙon ba.

Kwana biyu 'yata ta samo shi. Ranar Asabar bayan la'asar muka je da kwamfutarta ta makaranta. Aka jingina Yaya da filo biyu, aka ɗora kwamfutar a kan kujerar tsuguno a gabansa, aka rataya zane a taga don haske na kashe hoton. Ban gayyaci kowa ba, amma gidan yawa ba a ɓoye abu. Kafin a kunna, jikoki shida sun shigo sun baje a ƙasa, daga mai shekara tara zuwa mai sha shida. Waɗannan yaran a waya suka tashi. Sun ga an cire kan mutum an ɗora a tebur, sun ga aljani ya fito ta bakin yarinya, duk da fassarar Hausa, suna kallo suna cin gyaɗa. Kuma tsakanin jika da kaka akwai wasa, wanda ba mai iya hana shi, su faɗa masa abin da 'ya'yansa ba za su kuskura ba. Na so in kore su. Sai na ce a raina, ai Yaya ɗan taro ne, bai taɓa ba da labari ga mutum ɗaya ba.

Na ce, "Yaya, ka san abin da na kawo maka? Na mai likkafani." Ya ɗago da sauri ya dube ni. Ya ɗaga hannun hagu kamar zai ce wani abu, ya mayar. Na ɗauka murna ce.

Gaskiya fim ɗin ya tsufa. Launinsa ya koɗe, fuskokin mutane duk sun yi ja-ja. Rubutun farko kaɗai ya ci minti nawa, ana ta kaɗa wani kiɗa mai kama da kukan ƙofa. Ga mota tana tafiya a daji, tana tafiya, tana tafiya. Babban jikan ya ce, "Anti, a ɗan tura shi gaba mana." Na harare shi. Sai ga mutumin da matarsa da 'yarsa sun sauka a gaban wani ƙaton gida. Gabana ya faɗi, don har nan Yaya bai yi kuskure ko ɗaya ba, har jar rigar sanyin yarinyar ya faɗa mana. Mutumin ya sa mabuɗi, ya tura ƙofar babban ɗakin.

Ga su nan kuwa. Farare, a jere, wasu dogaye, wasu gajeru, cikin duhu-duhu. Ni da jikokina a duniya, sai da na kama gefen katifa. Mutumin ya taka a hankali ya nufi babban cikinsu, ya kama bakin yadin, ya fizge. Ƙura ta tashi.

Kujera ce. Irin babbar nan mai hannu da laushi. Ya fizge na biyu, tebur. Na uku, agogon bango mai tsayi. Matarsa ta zo tana taya shi, suna ninkewa suna hira. 'Yata ta ce a hankali, "Haka Turawa suke yi, Umma. In za su rufe gida su daɗe, sai su lulluɓe kaya da farin yadi saboda ƙura." A garinmu wa ya taɓa ganin an yi wa kujera sutura? Farin yadi a kan abu mai tsayin mutum, a ɗakin da ba kowa, ma'anarsa ɗaya ce a wurinmu.

Na ce a raina, to, ƙila matattun suna gaba. Na jira. Babu tela. Babu riga. Babu mai sallama. 'Yata tana fassara mana, ashe rigimar gado ce, da fatalwar wata tsohuwa da aka zalunta, wadda ke son a tono wata takarda a ƙarƙashin bene. Da fatalwar ta fito, yaran suka faɗi ƙasa don dariya. Fuskar roba ce, har ana ganin inda ta ƙare a wuya. Fitila ta tashi sama ita kaɗai, ƙaramar cikinsu ta ce ga zaren nan, kuma da gaske ga shi nan. Jinin kamar an kwaɓa tumatirin gwangwani. Fatalwar tana bin mutum tana jan ƙafa, ɗaya ya ce, "Wannan ai ko Kaka zai tsere mata." Suka sake fashewa.

Ba zan zalunci fim ɗin ba, akwai wuri ɗaya da ya yi aikinsa. Yarinyar tana kwance, ba a nuna komai sai ƙofa a rufe, ana jin takun nan yana matsowa, ya tsaya, sai aka ƙwanƙwasa sau uku, da tazara a tsakani. Ɗakin ya yi tsit. Ƙaramar ta matso ta manne da ni. Da masu fim ɗin sun bar ƙofar a rufe da sun ci nasara. Sai suka buɗe, robar ta leƙo, dariya ta dawo. Na lura duk inda aka ɓoye abin, yaran nan masu taurin ido suna yin shiru, duk inda aka nuna shi sun fi shi wayo. Sauran kuwa tafiya ce da hawa bene da surutu, ni kaina sai da na yi hamma.

Duk tsawon lokacin nan ina satar kallon Yaya. Bai nuna allo ba, bai ce ga wurin nan ba. Ya ƙura ido ko ƙiftawa ba ya yi, bakinsa a ɗan buɗe, kamar baƙo a tasha. Mutumin da ya ba da labarin abu sau ɗari ba haka yake kallonsa ba. Na ga hakan, ban dai fahimta ba.

Da aka gama, babban jikan ya miƙe yana miƙa. "Kaka, ina mai likkafanin? Ina saura taƙi ɗaya?" Wani ya ƙanƙance murya ya ce, "Na zo karɓar kujerata, sanyi nake ji." Wata ta ce, "Wallahi Kaka ka iya shara ta, shekara da shekaru!" Wasa suke yi, irin wanda al'ada ta ba su. Ni kuwa na ga yadda hannunsa na hagu ya damƙe bargo. Na tashi da gwiwoyin da ba sa tashi, na zazzage su tas, na ce duk wanda na sake gani a ɗakin nan sai na ɓalla shi. Suka fice suna ƙunshe dariya. 'Yata ta naɗe kwamfutarta ta bi bayansu, ba ta ko dube ni ba.

Muka rage mu biyu. Na cire zanen taga, na zauna. Kunya ta ishe ni, na jawo masa abin da ya rufe bakinsa tun farko, na ninka masa. Amma ban da kunya akwai haushi, kuma haushin ne ya riga fita, kamar kullum.

"Yaya, fisabilillahi. Shekara arba'in da wani abu. Inna ta mutu tana tsoron igiyar shanya. Ni na tsaya a kan gawarta ina rigima da mutane a kan ƙyalle. Ashe kujera ce? Ka ga kujera da idonka ka zo ka ce mana gawa?"

Na faɗa ne ba don ina jiran amsa ba. Na saba magana da bango. Sai na ji wani sauti daga maƙogwaronsa, kamar ana jan buhu a ƙasa. Leɓensa ya yi ta rawa.

"Ban... gani ba."

Na matso kusa da shi. Ya sake, da ƙyar, yawu na zuba, bai kula ba.

"Ban kalla ba, Auta."

Abin da ya faɗa min bayan nan, da a da ne, numfashi biyu ya ishe shi. Ranar ya ci kusan rabin awa. Wata kalmar sai ya yi mata hari uku kafin ta fito, wata in cika masa, ya harare ni don bai son a cika masa. Ya ce da mutumin ya kama bakin yadin, shi sai ya cusa kansa cikin rigarsa. Yana da shekara ashirin da 'yan kai, ga gemu ya fara fitowa, ga 'yan birni kewaye da shi, amma ya kasa ɗagowa. Har aka tashi kansa na cikin riga, yana karanta duk abin da ya haddace. Kunnensa kaɗai ya kalli fim ɗin, jan ƙafa, ƙwanƙwasa uku, wata siririyar murya da bai san me take cewa ba, ihun yarinya. Amininsa ya yi masa dariya har Dutse, sannan ya yi alkawarin rufa masa asiri. Da suka iso gida Inna ta ce me ka gano mana, ga mata sun zuba ido, shi kuma ba zai ce tsoro ya hana shi gani ba. Sai ya ɗauki abin da ya ji ya ɗinka masa abin da ya dace.

"Ni ma," ya ce, ya huta, "na ɗauka... haka ne."

Wato shi ma duk shekarun nan bai san kujera ce ba. Kafaɗarsa ta fara girgiza. Da bakin da ya karkace ba ka bambance dariya da kuka, ni ma ban tsaya bambancewa ba, na sa gefen mayafina na goge masa haɓa. Haushin ya zube, ya bar ni da gajiya kawai da wani tausayi mai nauyi, nasa da namu duka.

Can ya ce, "Wanne... ya fi?"

"Naka," na ce, kuma ba lallashi ba ne. "Nasu ko rabin naka bai kai ba."

Ya juya ya kalli ƙofa. Sannan ya ce, "Kira su."

Na fita da sauri har ina tuntuɓe. Manyan sun riga sun tafi gidan kallon ƙwallo. Ƙananan na same su a zaure sun haɗa kai a kan waya ɗaya. Na ce ku zo, Kaka zai ba ku labari, da bakinsa. Na sassauta murya, har roƙo na yi, ni da na gama korarsu. Ɗaya ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Ai mun gani, kujera ce." Matar Yaya kuma tana madafa tana fama da tukunya, ta ce tana zuwa, na san ba yanzu ba.

Da na koma na tarar ya gyara zama da kansa. Ya lalubo hularsa ya sa, ya tura ta ƙeya. Idonsa ya wuce ni yana duban bayana.

"Suna zuwa," na ce. "Ka fara."

Na zauna a tabarma a gabansa. Ya yi gyaran murya, ya fara. Wani mutum ya zo wani gari. Da matarsa. Da 'yarsa. Kowace kalma sai ya ɗauko ta kamar dutse, amma tsarin na nan, inda yake dakatawa a da nan yake dakatawa, har ɗaga girar. Ya sayi gidan. Ya sa mabuɗi. Ya tura ƙofa. Ga su nan a zaune, wasu dogaye, wasu gajeru. Na ji tsikar jikina ta fara tashi, wallahi, duk da abin da na gani da idona awa ɗaya da ta wuce. Mutumin ya taka. Ya nufi babban. Ya miƙa hannu. Yaya ya miƙa nasa na hagu a iska, ya kama bakin yadin.

Ya tsaya a haka. Na jira. Na ɗauka harshen ne ya sake sarƙewa, na buɗe baki zan cika masa. Sai ya sauke hannun a hankali a kan bargo.

"Kujera ce, Auta," ya ce. Wannan karon kalmomin sun fito sumul.

Aka kira magariba. Ya ce in miƙo masa buta.

Tun daga ranar yana magana. Yana cewa a ba shi ruwa, yana cewa kunun ya yi zafi, yana tambayar ko an yi wa dabino ban-ruwa, har faɗa ya yi wa matarsa a kan gishiri, ta zo tana faɗa min tana murna. Da muka koma asibiti likita ya ce an samu ci gaba sosai, ya tambayi me muka yi masa. Na ce hira. Har yanzu ina tarar adaidaita bayan azahar in je, mu gaisa, mu yi zancen gero da ciwon gwiwa, la'asar ta yi in taso. Labari kuwa bai sake bayarwa ba, ko na Indiya, ko na 'yan Sin, ko na abin da ya faru jiya a ƙofar gida. Sau ɗaya na ce masa, "Yaya, me ka gano mana?" Ya ce ba inda ya je.